Matani, Sharhi da Fassara: Rayuwar Littafi a Ƙoƙi da Zaurukan Birnin Kano

Unguwar Ƙoƙi, wadda ke cikin ganuwar birnin Kano, ta yi suna a bakin jama'a da fatauci, musamman tun da Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya kafa gidansa a cikinta, amma kamar sauran unguwannin da fatake suka zauna, kasuwancinta ya tafi ne kafaɗa da kafaɗa da karatun zaure, domin ayarin da ya kawo goro daga Gwanja ko hajar Tarabulus shi ne kuma yake ɗauke da takarda da littattafai. A irin wannan muhalli littafi ba ya zuwa da siffa guda, saboda kowane kwafi hannun mutum ne ya rubuta shi, kuma malamai sun daɗe da ware wa kowane irin sauyi da ke samun rubutu sunansa da matsayinsa, ta yadda ɗalibi zai san inda maganar mawallafi ta tsaya da inda ta wani ta fara.

Tushen komai shi ne matani, wato ainihin lafazin mawallafi, kamar na Risalar Ibn Abi Zaid ko Muhtasar na Halil, waɗanda su ne ginshiƙan fiƙihun Malikiyya a Kano. A kan matani ake ɗora sharhi, wanda yake bin lafazin gaɓa-gaɓa yana warware shi, sannan a kan sharhin a ɗora hashiya, wadda asalinta bayani ne da ake rubutawa a gefen shafi. Marubuta kan bar fili mai yawa tsakanin layuka da gangan, domin ɗalibi ya sami wurin rubuta ma'anar kalma mai wuya da ƙananan haruffa, wani lokaci da Larabci, wani lokaci da ajamin Hausa ko na Fulatanci, kamar yadda ya ji daga bakin malaminsa. Da yake ba a ɗinke ganyayen littafin, sai dai a haɗa su a sa a gafaka, akan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ya gabace shi don kada tsari ya rikice. Idan an gama kwafi akan yi masa muƙabala, wato a karanta shi ana gwada shi da wanda aka kwafo daga gare shi, kuma inda aka tarar wani kwafin ya zo da lafazi daban, marubuci mai amana yakan ajiye shi a gefe da alama maimakon ya zaɓi guda ya shafe ɗayan. Wannan ɗabi'a ta barin saɓani a fili ita ce mafi daraja a cikin abin da wannan al'ada ta gadar.

Waƙa ma tana da nata salon sauyi, wato tahamisi, inda wani mawaƙi yake ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti mai ɗango biyu ya zama biyar, kuma Ishiriniyar Alfazazi da ake karantawa a Kano lokacin Mauludi tana tafe ne da tahamisin Ibn Mahib, har da yawan masu karatu ba sa rarrabe hannun mutanen biyu. A Alƙur'ani kuwa kalmar da ake amfani da ita ita ce ruwaya: makarantun allo sun rayu a kan ruwayar Warshu daga Nafi'u da rubutun da ya samo asali daga Magrib, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, yayin da ruwayar Hafsu daga Asimu ta bazu daga baya tare da bugun Masar da makarantun Islamiyya. Dukansu ingantattu ne a wurin malamai, kuma ba a kiran ɗaya gyaran ɗaya.

Zuwan Turawa a 1903 ya shigo da wani mataki na daban, wato juya rubutu daga harshe zuwa harshe a kan takarda domin mai karatun da bai taɓa zama gaban malami ba. Tarihin sarakunan Kano na Larabci, wanda labarinsa ya tsaya a zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya fito da Ingilishi a fassarar H. R. Palmer a 1908, sannan ya fito da Hausar boko a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, kuma masana irin su M. G. Smith da Murray Last da John Hunwick sun yi doguwar muhawara a kan ko mutum ɗaya ne ya tsara shi a ƙarshen ƙarni na 19 ko kuwa an yi ta ƙara masa ne zamani bayan zamani. Muhawarar ta yi tsawo ne saboda bugaggen shafi yana daidaita komai ya zama murya ɗaya, ya ɓoye ɗinkin da rubutun hannu kan bari a bayyane.

A wannan gaɓa ne sunan unguwar ya shiga tarihin harshen Hausa ta hanyar Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1976, malamin da ya tashi a karatun zaure sannan ya yi aiki tare da G. P. Bargery wajen haɗa babban ƙamusun Hausa da Ingilishi da aka buga a 1934. Ƙamusun ya tattara dubun-dubatar kalmomi, kuma abin da ya sa har yau ba a iya ajiye shi shi ne bai tsaya ga Kananci kaɗai ba, yana kawo kalma ya nuna cewa haka ake faɗinta a Sakkwato ko Katsina, ya jera ma'anoninta daban-daban ba tare da ya soke wata ba. Ba za a iya auna rabon kowane mataimaki a cikin aikin ba, tun da Bargery ne kaɗai aka rubuta a matsayin wanda ya haɗa shi, amma tsarin ya yi daidai da tarbiyyar mutanen da suka saba ajiye saɓanin kwafi a gefen shafi, kuma ya kamata a riƙa ambaton malaman da suka ba da kalmomin a duk lokacin da ake yaba littafin. Tarihin rayuwar Alhaji Mahmudu kansa ya isa ga masu karatu ne ta hannun Neil Skinner, wanda ya tsara abin da malamin ya ba da labari da bakinsa, aka buga a Zariya a 1977, shekara guda bayan rasuwarsa.

Ɗab'i bai kashe rubutun hannu nan take ba, domin masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi ta Kano sun gano cewa almajirai sun fi sakin jiki da hannun da suka saba gani a allo, sai suka riƙa sa marubuta irin su Sharif Bala Gabari su rubuta littafi da alƙalami, sannan a ɗauki hotonsa a buga dubbai. Ta wannan hanya kwafi guda, da wasullansa da bayanan gefensa har da kurakuransa, ya zama shi ne littafin a idon ɗalibai masu yawa, kuma buƙatar yin muƙabala tsakanin kwafi da kwafi ta ragu a zauruka, ta koma hannun 'yan ƙalilan masu bincike da ke bin tsofaffin gafakoki a gidajen malamai da ɗakunan ajiya na Jami'ar Bayero da Gidan Arewa a Kaduna.