Tarihin Gasar Ƙwallon Mata Ta Yankuna: Me Ya Sa Maƙwabta Suka Fara Kamo Najeriya?

Yau ƙwallon mata za mu taɓa, amma ba Kofin Duniya ba. Gasannin da ƙasashe ke bugawa a nahiyarsu ko a yankinsu za mu bi, don a nan ne ake gane wanda ke tasowa da wanda ya fara barci.

Mu fara da Ingila. A watan Disambar 1920 mutum kusan 53,000 suka cika filin Goodison Park don kallon wasan mata. Shekara ɗaya bayan nan, a 1921, hukumar ƙwallon ƙasar ta hana mata buga wasa a filayen kulob-kulob ɗinta, kuma haramcin ya kai kusan shekara 50. Kun ga dalilin da ya sa gasannin mata suka makara.

Abin mamaki, ba Turai ce ta fara ba. Asiya ce. A 1975 aka buga gasar mata ta nahiyar a Hong Kong, kuma New Zealand ce ta ɗauki kofin, ƙasar da ba ma ta Asiya ba ce. Turai sai a 1984, inda Sweden ta doke Ingila a bugun fenariti. Minti 35 ake yi kafin hutun rabin lokaci, ba 45 ba.

To mu fa a Afirka? Tura mu aka yi. FIFA ta shirya Kofin Duniya na mata na farko a China a 1991, dole kowace nahiya ta fitar da wakilanta. Shi ya sa a shekarar nan Afirka da Kudancin Amurka da yankin CONCACAF duk suka fara nasu. Namu gida da waje aka buga, ƙasashe da dama suka janye, Najeriya ta doke Kamaru a wasan ƙarshe. A 1995 ta maimaita, wannan karon a kan Afirka ta Kudu.

Sai a 1998 aka tara ƙasashe wuri guda, a Najeriya, a biranen Kaduna da Abeokuta. E, Kaduna. Super Falcons suka ci Ghana 2-0 a wasan ƙarshe. Daga nan suka riƙe kofin kamar gadon gidansu: 2000, 2002, 2004, 2006. A wasan ƙarshe na 2004 Perpetua Nkwocha ita kaɗai ta zura wa Kamaru ƙwallo huɗu, aka tashi 5-0. Equatorial Guinea ce ta fara karya lagon a 2008, ta ƙara a 2012, duka a gidanta.

Amma fa nasarar ba ta hana kuka ba. A 2004 'yan wasan sun ƙi barin otal ɗinsu a Afirka ta Kudu saboda ba a biya su alawus ba. A 2016, bayan sun ci Kamaru a Yaounde, suka zauna a otal a Abuja, har suka yi tattaki zuwa Majalisar Tarayya kan haƙƙinsu. Ka ɗauko kofi, sannan ka yi zanga-zanga kafin a biya ka.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ƙasa da gasar nahiya akwai ta yankuna. Kudancin Afirka suna da COSAFA, wadda aka fara a Zimbabwe a 2002. Da farko jifa-jifa ake yin ta, amma daga 2017 zuwa 2024 babu shekarar da aka tsallake, har 2020 ta korona, shekarar da aka soke gasar Afirka baki ɗaya. Gabashin Afirka kuwa sun farfaɗo da CECAFA a 2016 a Uganda, Tanzaniya ta lashe.

Mu a yamma akwai WAFU. Shiyya ta B, inda Najeriya da Nijar da Ghana suke, ta buga a Abidjan a 2018, Ghana ta ɗauka. A 2019 Najeriya ta ɗauka bayan ta doke Kodebuwa a fenariti. Sai dai gasar ba ta zama ta duk shekara ba kamar COSAFA.

Sakamakon ya fito fili a Moroko a 2022. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofinta na farko, ta ci mai masaukin baƙi 2-1. Zambiya ta ci Najeriya 1-0 ta karɓi na uku, ta je Kofin Duniya a 2023. Malawi ma ta lashe COSAFA a 2023, Temwa Chawinga na ta zuba ƙwallaye. Da koyo akan iya. Yarinyar da ta buga wa ƙasarta wasa biyar a mako biyu, duk shekara, ba ɗaya take da wadda sai wasan share fage ake tuna ta ba.

Kada ku ce na raina Falcons. Ranar 26 ga Yulin 2025, a Rabat, Moroko ta sa musu biyu kafin hutu, suka dawo suka ci 3-2, kofi na goma a lissafin CAF, da kyautar dala miliyan ɗaya. Amma ku kwatanta 5-0 ta 2004 da wannan da sai da aka yi gumi. Tazarar ta matse, kuma ƙananan gasannin nan suna cikin abin da ya matse ta.

Don haka tambayata gare ku: idan WAFU ta riƙa zuwa duk shekara, ina kuke ganin Nijar da Benin da Togo za su kai nan da shekara goma? Ku faɗa mini ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.