Shawarar daina shan taba

Shawarar daina shan taba ita ce tattaunawar da likita, nas ko wani ma'aikacin lafiya yake yi da majiyyaci mai shan sigari ko shisha, ko mai amfani da tabar gari, domin taimaka masa ya bari. A ƙa'idojin da ta fitar a 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a riƙa yin ta a cibiyoyin lafiya, ko da ta daƙiƙa 30 zuwa minti 3 ce.

Tarihi

A 1979 Michael Russell da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi da likitocin birnin Landan. Cikin mashaya sigarin da likita ya yi wa nasiha, ya ba su takardar bayani, ya kuma ce za a bibiye su, kashi 5.1 cikin 100 sun daina har tsawon shekara guda. Cikin waɗanda ba a ce wa komai ba, kashi 0.3 ne kawai. Adadin bai da yawa, sai dai likita ɗaya yana ganin mashaya masu yawa a shekara.

Matakai

Tsarin da ya fi shahara shi ne 5A na Amurka: a tambayi kowane majiyyaci ko yana shan taba, a yi masa nasiha ƙarara, a auna ko ya shirya, a taimaka masa, sannan a bibiye shi. Nasihar ta fi tasiri idan an ɗaure ta da abin da ya kawo shi asibiti, kamar tari, hawan jini ko asmar ɗansa. Wanda yake kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, nikotin ta kama shi sosai, kuma zai fi buƙatar magani, irin su cingam ko filastar nikotin, varenicline ko cytisine. Ana tsayar da ranar dainawa cikin mako biyu, a tuntuɓe shi a makon farko.

Majiyyacin da bai shirya ba

Nan ne ƙwarewa ta fi fitowa. Faɗa da tsoratarwa kan sa mutum ya kare tabarsa. Salon hirar zaburarwa, wanda William Miller ya fara bayyanawa a 1983 game da mashaya giya, ya koyar da a yi tambaya a saurara, har majiyyacin ya faɗi dalilan dainawa da bakinsa. Ana sake ɗauko zancen a kowace ziyara, domin yawancin mashaya sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da taba.