Zare: Motar langa-langa da jirgin Ƙaura 🧵

1/ Kafin motar roba ta cika kasuwa, yaran Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da hannunsu suke ƙera motocinsu. Kuma ba wai akwati mai taya huɗu ba. Mota ce mai sitiyari da ke juya tayoyin gaba, mai sifirin da ke lotsawa in an yi mata lodi. Tarihinta na haɗe da jirgin ƙasa da gyaɗa da auduga. Ku biyo ni a hankali.

2/ Mu fara daga tushe. Sunan Ƙaura ya samo asali ne daga Namoda, jarumin Alibawan yankin Zurmi, ɗaya daga cikin waɗanda suka ja rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Zamaninsa doki ne da raƙumi da jaki. Yaron lokacin in zai yi wasa, dokin kara zai hau, ko ya gina sa da raƙumi da laka. Yaro abin da ya gani yake ƙerawa.

3/ Sai dogo ya zo. Layin jirgi ya isa Kano a 1911. Daga baya Turawa suka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya cak a Ƙaura a 1929. Nan ne ƙarshen layi. Ba don son mutanen Zamfara aka yi shi ba, don a kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko ne, daga can a yi Turai da su.

4/ To jirgi dai ba ya shiga ƙauye. Dole wani abu ya kawo masa kaya bakin tasha. Da farko jakai da raƙuma ne, sannu a hankali manyan motoci suka karɓe. Hanya ɗaya ta yi Shinkafi da Isa, ɗaya ta yi Zurmi ta ɓulla Jibiya. Duk gyaɗar da aka auna a waɗannan kasuwanni, Ƙaura take kwana kafin ta hau jirgi.

5/ Kun ga ke nan yaron Ƙaura ya samu abin da yaron wani ƙauyen bai samu ba. Motoci ne a tsaye a gabansa wuni guda suna jiran a sauke kaya. Makanike na kwance a ƙasa yana kwance ƙafa, karen mota na wanke gilashi. Ba wanda ya hana yaro ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi. Makarantar ke nan, ba allo ba bulala.

6/ Matakin farko motar kara ce. Bayan girbi karan dawa ko'ina. A ɓare bayan karan a samu tsinke mai ƙarfi, totuwar ciki kuma mai laushi ce, ita ake sokewa. Tsinke ya zama ƙusa, totuwa ta zama katako. Taya kuma sakaina ce, a goga ta a dutse har ta zagaye, a huda tsakiya. Ko anini ba a kashe ba.

7/ Ga inda ciniki ya shigo. Langa-langa wannan siririn ƙarfe ne mai faɗi da ake ɗaure dila da shi, ta auduga ko ta yadi. Akwai injinan gurzar auduga a Gusau da Funtuwa, kantuna kuma kullum kwance diloli suke yi. Abin da fatake suka yar, yara suka tsinta. Yana lanƙwasuwa da hannu, kuma yana riƙe siffar da aka ba shi.

8/ Sauran kayan ma duk sharar kasuwa ce: garwar kananzir, gwangwanin madara da na sadin, marfin kwalbar lemo, tsohuwar waya, robar cikin tayar keke da ake yankawa siri-siri a yi ɗauri da ita. Da silifas ya yawaita, sai ya kori sakaina, domin tayar roba ba ta fashewa kuma ba ta santsi a ƙasa.

9/ Wace mota ake kwaikwayo? A da Bedford ce ta Ingila. Amma sarauniyar hanyoyinmu ita ce roka, Marsandi 911 mai gajeren hanci. Kamfanin ya fara ƙera manyan motoci masu gajeren hanci a Jamus a 1959. Lambar ma ba ado ba ce: 9 na nufin nauyin tan 9, 11 kuma ƙarfin inji na doki 110. Lodin da ake yi mata a nan kam, sai dai Allah.

10/ Kai da ƙashin motar ne ke zuwa daga kamfani. Bodin katako kafintocinmu ne suke yi, masu fenti su zana zaki ko dawisu, a rubuta kirari ko addu'a a goshi. Shi ya sa ba roka biyu da suka yi kama sak. Yaro gwani ba roka kawai yake ƙerawa ba, rokar direba wane yake ƙerawa, kowa ya gani ya gane ta.

11/ Yanzu ga asalin gwanintar. Ɗan koyo yakan yi ƙafar gaba sanda ɗaya, ya kafa ƙusa a tsakiya, duk ƙafar ta riƙa juyawa gaba ɗaya irin na keken doki. Tana tafiya, amma da an sha kwana da gudu sai ta kife, don tayoyin sun shige ƙarƙashinta, ba abin da ya tallafe gefe.

12/ Gwani ba haka yake yi ba. Ƙafar na nan a kafe. Kowace taya da nata ɗan wurin juyawa a ƙarshen ƙafar, sai a haɗa su biyun da wata waya a kwance. Doguwar wayar sitiyari ta sauko ta kama wannan ta kwance. Ka murza daga sama kana tsaye, tayoyi biyu su juya tare, mota ta bi kwana lafiya lau.

13/ Wannan dabara fa tana da suna a littattafan injiniya. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich, Georg Lankensperger, shi ya fito da ita, Rudolph Ackermann ya yi mata rajista a Ingila a 1818. Har yau da sunan Ackermann ake kiranta. Yaron Zurmi bai taɓa jin sunan ba. Ƙarƙashin roka ya leƙa ya kwaso ta.

14/ Sai sifirin. A roka, fallayen ƙarfe ne aka jera, dogo a sama, gajeru na biye, aka ɗaure tsakiya. Langa-langa kamar don wannan aka yi shi. A yanka uku ko huɗu, kowane ya fi na ƙasansa tsawo, a ɗan lanƙwasa, a ɗaure da roba. Ka zuba yashi a bodi ka ga ta zauna, ka juye ka ga ta miƙe. Wallahi abin kallo ne.

15/ Tayoyin baya biyu-biyu ake yi, kamar na gaske. Akwai wani sirri kuma. In ka manne su a sanda ɗaya suna juyawa tare, a kwana ɗaya za ta riƙa jan ƙasa, domin ta waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Sai yara su bar kowace ta juya da kanta. Babbar mota kuwa, haƙoran ƙarfen da ke cikin tulun nan na tsakiyar ƙafar baya su ke wannan aiki.

16/ Mu da muka tashi a wajajen 1990 mun tarar da abin ya ƙara gaba. Ana sa ƙwan tocila da tsohon batir a yi fitila. Ana yin tifa mai ɗaga bodi da zare, da tanka ta gwangwani biyu, da tirela mai kai daban da jela daban. Akwai wani yaro a unguwarmu da ƙofar motarsa ke buɗewa ta rufe da sakata. Hayarta muke yi da gyaɗa soyayya.

17/ Ma'auni fa? Ba rula, ba takarda. Daga taya ake farawa. In ka yanke taya, ita za ta faɗa maka tsawon kai da na bodi: kai taya kaza, bodi taya kaza, a auna da sillen kara. In aka kuskure, 'yan kallo ne alƙalai. Nan take za ka ji an ce "wagga ba roka ba ce, kanta ya yi girma."

18/ Mu yi lissafi. Tayar roka ta kai kusan mita 1 a tsaye. In tayar silifas ɗinka santimita 5 ce, motarka kashi 1 cikin 20 ce ta ta gaske. Ke nan bodi mai mita 5 zai zama santimita 25. Wannan shi ne darasin da ake wahala da shi a aji, yaro na yin sa a gindin bedi bai san sunansa lissafi ba.

19/ A Turai wannan wasa masana'anta ce guda. Frank Hornby na Liverpool ya yi rajistar abin da ya zama Meccano a 1901: fallayen ƙarfe masu huji da yara ke ɗaurewa da noti. Ku duba hotonsa, langa-langa ne aka yi wa huji. Kamfaninsa ya fito da ƙananan motocin Dinky a 1934, Matchbox ta zo a 1953, Hot Wheels ta Amurka a 1968.

20/ Ma'aunin da Dinky ta yi suna da shi, wajen 1 cikin 43, daga jiragen ƙasa na wasa aka aro shi, don motar ta dace da tashar jirgin. Kun ga can ma jirgi ne ya jawo mota, kamar Ƙaura. A Malawi kuma motar waya galimoto ake ce mata. Bambancin, su Turawa sun adana nasu a gidajen tarihi, namu ya ƙare a juji.

21/ Kada wani ya ce wasan yara ne kawai. Manyan kamfanonin mota har gobe sai sun gina samfuri da wani irin yumɓu, ƙarami sannan babba, kafin a taɓa ƙarfe. General Motors ce ta yaɗa wannan tun zamanin Harley Earl. Wato abin da yaro ke yi da laka a bakin gulbin Gagare, shi ake biyan wasu albashi a kai.

22/ A wannan kamfani Jelani Aliyu ya yi aiki. Ɗan Sakkwato ne, lokacin da mu ma muna cikin tsohuwar jihar, kafin a yanke Zamfara a 1996. Ya yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit, shi ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. A 2017 aka ba shi shugabancin hukumar tsara motoci ta ƙasa.

23/ Akwai lokacin da ƙasar ma ta ɗauki hanya. Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, aka buɗe Anammco ta Marsandi a Inugu a 1980, ga Steyr a Bauchi, ga ta manyan motocin Fiat a Kano. A 1983 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Ƙaura. Yaron langa-langa na da inda zai dosa.

24/ To me ya faru? Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya noman. Kuɗin mai ya ɗauke hankalin hukuma. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Jirgi ya yi ta ja baya har ya daina zuwa. Tashar da ta tara motoci ta koma wurin kiwon awaki.

25/ Kayan aikin ma suka canza. Dila ta koma ɗaurin roba, garwa ta koma jarka, leda ta maye gurbin gwangwani. Ƙarfen da ya rage kuwa 'yan gwangwan na saye da kilo, ba mai barin sa a bola. Ga motar roba mai araha, ga wayar hannu. Wa zai kwana uku yana lanƙwasa ƙarfe?

26/ Na ƙarshe shi ya fi ciwo: tsaro. Motar kara sai da gona, gona kuwa sai da kwanciyar hankali. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi kowa ya san halin da suke ciki. A 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka katse layin waya. Ku tuna kasuwar Shinkafi ta Alhamis da motocin da take tarawa. Yaron da ke gudun hijira ina ya ga sukunin ƙera sifirin?

27/ Abin da ke damuna ba kewar da ba ce kawai. Wannan wasa shi ne ajin farko na makanikai da masu walda da kafintocin bodi da yawa da kuka sani. A nan hannu ke koyon ƙarfe, ido ya koyi awo, zuciya ta koyi haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In wannan aji ya mutu, wa zai gyara mana taraktoci da injinan ban ruwa gobe?

28/ Gwanayen fa suna nan da ransu. Wani direba ne yanzu, wani na gareji, wani na faci a bakin tasha. Ka je ka gaishe shi, ka kai masa waya da gwangwani, ka ce ya nuna maka yadda ake ƙafar gaba. Ka ɗauki bidiyo da izininsa. Wayar da ta ɗauke hankalin yara, ita ce za ta iya adana abin.

29/ Malaman firamare, ga darasin lissafi kyauta. Ƙungiyoyin matasa, gasar ƙera mota a hutun makaranta ba ta cin kuɗi: a auna taya, a auna bodi, a gwada kwana, a yi lodin yashi a ga wadda za ta ɗauka. Iyaye kuma, in yaro ya tara gwangwani a bayan ɗaki, a tambaye shi me zai yi kafin a share.

30/ Nan zan tsaya. Wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa, ya faɗa mana garinsu da irin motar da ya kwaikwaya. Mai tsohon hoto ya sako a ƙasa. 'Yan Moriki da Kwashabawa da Birnin Magaji, ina jiran ku. Ku tura wa na gaba. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya buɗe hanyoyinmu. Amin 🤲