Yadda aljabara ta iso Ndjamena ta hanyoyi biyu

A Ndjamena, babban birnin Chadi, ana koyar da lissafi da Faransanci da kuma Larabci, domin su ne harsunan hukuma. Sunan da ɗalibin sashen Faransanci yake kiran darasin warware lissafin da ba a san adadinsa ba, da wanda ɗalibin sashen Larabci yake kiransa, asalinsu ɗaya: al-jabr.

Kalmar ta fito ne daga littafin da Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin halifa Ma'amun. A Larabci jabr na nufin gyara abin da ya karye, kamar yadda maɗori yake ɗora ƙashi. Littafin ba shi da x, ba shi da alamar daidai. Da zance aka rubuta komai, adadin da ake nema kuwa ana ce masa "abu". Babban kaso na littafin ya tafi ne kan wasiyya da rabon gado, inda kuskure kaɗan kan tauye haƙƙin maraya.

A ce mutum ya sayi mudu 5 na gero, aka yi masa ragin sefa 500, ya biya 4,500. Nawa ne mudu ɗaya? A yau sai a rubuta 5x − 500 = 4,500. Ɓangaren hagu yana da giɓi, don haka a ƙara 500 a kowane ɓangare, ya zama 5x = 5,000. Wannan cikon shi ne jabr. Daga nan a raba kowane ɓangare da 5, sai x = 1,000. Ɗalibai da yawa sun haddace cewa ana "tsallakar da lamba a sauya mata alama", alhali babu abin da ke tsallakawa. Ma'auni ne mai hannu biyu, abin da aka ɗora wa ɗaya dole a ɗora wa ɗayan. Wanda ya riƙe haddar kawai shi ne yake rikicewa idan an zo kan 5 ɗin, ya debe ta maimakon ya raba.

A 1145 Robert na Chester ya fassara littafin zuwa Latin a Sifaniya. Robert Recorde ya ƙirƙiro alamar = a 1557, Descartes na Faransa kuma ya yaɗa amfani da x a 1637.

Wannan sigar mai alamomi ita ce makarantun Faransawa suka kawo bakin kogin Shari, bayan sun kafa Fort Lamy a 1900, shekarar da Rabeh ya faɗi a Kusuri. Amma lissafin gado ya riga su zuwa yankin, a hannun malaman Barno da Bagirmi da Wadai masu karantar da fiƙihun Malikiyya. Garin ya koma Ndjamena a 1973, shekara 2 bayan buɗe jami'arsa.