Iska ta shiga: sunayen sanyin mota a N'Djamena

Har zuwa 1973 Fort-Lamy ake kiran garin, sannan Shugaba Tombalbaye ya sauya masa suna zuwa N'Djamena, daga Larabcin Chadi, wai "wurin hutawa". Duk wanda cunkoso ya taɓa riƙe shi a gefen kasuwar Dembé da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, zai so a nuna masa wanda ya raɗa wannan suna. Hutun da ake samu a irin wannan lokaci yana cikin mota ne, in motar tana da sanyi.

To, yaya sunan abin da ke kawo sanyin? Bakano zai ce e-si, dattijonsa kuma iyakwandishan, kalmar da ta sha tafiya. A 1906 wani injiniyan masaƙu a Amurka, Stuart Cramer, ya ƙirƙiro asalinta na Turanci, kuma ba jin daɗin mutum ne a ransa ba, danshin da zaren auduga ke buƙata ne don kada ya tsinke. Bamaraɗe da Bahaushen N'Djamena kuwa kilim suke cewa, guntun climatiseur, mai gyara yanayi. Rubutaccen Larabci ya ce mukayyif, daga tushen kaifa, wato "yaya". Tushen nan ne a cikin gaisuwar titin N'Djamena, kikef. Na'urar da ke gyara maka "yaya kake" ke nan. A ra'ayina Larabci ya ci gasar.

Motar mai masaukina ce ta jawo wannan bincike, wata tsohuwar Corolla. Ranar Litinin aka ƙara mata gas. Ranar Talata ta fara wasa da hankalinmu: a kan hanya sanyi har ƙashi, da an tsaya sai iska mai ɗumi, da an taka sai sanyin ya dawo. Bafaranshe yana da tsararren suna, panne intermittente. Yaran gareji suka ce ça coupe. Mai motar ya ce "tana ɗaukewa", aikatau ɗin da muka saba jinginawa wutar lantarki. Amma da ransa ya ɓaci sai ya ce, "Motar nan iskoki gare ta."

Bakaniken, wanda a can ake kira frigoriste, ya yi dariya. "Alhaji, ka faɗi gaskiya ba ka sani ba. Iska ce ta shiga."

Sai da na nemi wurin zama. Iska a Hausa ita ce wadda muke shaƙa, ita ce kuma wadda ke hawa kan mutum ta sauka ba sallama. A nan ma'anonin biyu sun haɗu a tiyo ɗaya. Idan aka ƙara gas ba tare da an zuƙe iskar da ta kutsa cikin bututun ba, ita ba ta komawa ruwa kamar yadda gas ɗin ke yi, sai ta tare wuri, matsi ya hau. A silo, wato ralenti, babu iskar hanya mai fifita kwandansa, sai fanka kaɗai. Matsin ya kai iyaka, wani ɗan makunni mai suna pressostat ya kashe kwamfuresa don kada wani abu ya fashe. Matsin ya sauka, ya sake kunnawa. Aljanin ke nan.

Af, tiyo ɗin ma baƙo ne, tuyau na Faransanci, ya shiga har Kano ba wanda ya tambaye shi takarda.

Kalmar da na fi zargi ita ce "ƙarawa". Muna cewa "gas ya ƙare, a ƙara" kamar fetur, a can kuma suna cewa recharge, kalmar da ake sayen katin waya da ita. Duka biyun suna raɗa wa mutum cewa abin yana cinyewa, kuma yawansa alheri ne. Alhali gas ɗin sanyi zagayawa yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, yoyo ya yi. Kuma awonsa da sikeli ne: akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin giram nawa, a ƙaramar mota kusan rabin kilo. Wanda ya ɗura fiye da haka don ya burge mai mota, ciwo ɗaya ya jawo da na iskar.

"Gas" kanta, masanin nan van Helmont ne ya sassaƙo ta a ƙarni na 17 daga kalmar Girkanci mai nufin hargitsi. Firiyon kuwa, da kowa ke kira, Freon ne, sunan kasuwa da kamfanin DuPont ya fito da shi a shekarun 1930, wanda ya yi tashe da gas ɗin R-12. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kori R-12, motoci suka koma R-134a a farkon shekarun 1990, amma sunan firiyon ya ƙi tashi, kamar yadda kowane garin wanki Omo ne. Lambar ma magana take yi. Ƙara 90 a kan 134, ka sami 224: kabon 2, haidirojin 2, fulorin 4.

Na tambayi bakaniken yadda yake bambanta iskokin, tunda ba ɗaya ba ne. Ya ɗaura agogonsa biyu, shuɗi da ja, ya bar injin a silo. Allurar jan ta yi ta hawa har muka ji "ƙas", kwamfuresa ta saki. Ya kwara ruwan buta a kan kwandansa, allurar ta faɗo, sanyi ya dawo. Ya leƙa fanka, tana juyawa lafiya. Da kulocin kwamfuresa ne ya sassauta, in ji shi, sai ya yi zafi yake ƙin kamawa, kuma ɗan ƙwanƙwasawa da ƙotar sukuddireba kan sa ya kama. Da kuma danshi ne, ba ruwansa da cunkoso: sai an yi tafiya, ɗigon ruwa ya daskare a bakin détendeur, ƴar ƙofar da gas ke sakin jiki a bayanta, ya toshe ta. Ka kashe minti goma, ƙanƙarar ta narke, sanyi ya dawo. Sanyi ne ke kashe sanyin.

Ya kwashe gas ɗin, ya jona famfon zuƙa na rabin awa. Wannan aiki sunansa tirage au vide, jawo wofi. Na ce masa a Hausa fa? Ya ɗan yi shiru yana kallon sikeli, sannan ya ce, "Ruƙiyya."