Kacalla: Ciyawar da Madatsun Kano Suka Shimfiɗa wa Tabarma

Kafin 1974, kogin Haɗeja yana bin tsarin damina da rani. Yakan cika ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, sannan ya janye ya bar ƙasa mai laima ga manoma da makiyaya. Kacalla ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, sai dai rani ba ya barin ta ta yi nisa, domin ba ta jure bushewar ƙasa ta tsawon watanni.

A shekarar nan ce aka kammala madatsar Tiga, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta Challawa kuwa ta biyo baya a 1992. Bukatar a fili take: noman rani a Kadawa, da ruwa ga birnin da ke bunƙasa tare da masana'antunsa na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Amma da aka riƙa sakin ruwa har cikin rani, sai fadamun suka daina bushewa. Ruwa mara zurfi, wanda ba ya yankewa, shi ne duk abin da kacalla ke nema. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, tana tare yashi, yashin kuma yana ƙara mata wurin zama. A haka ta toshe hanyoyin ruwa irin su Burum Gana, ruwan ya karkata ta Marma ya mamaye gonaki. Masunci ya rasa hanyar kwalekwale, tsuntsayen jan-baki kuwa suka sami maɓoya kusa da gonakin shinkafa. Kogin Sanagal ya ga irin wannan bayan madatsar Diama ta 1986.

Bai dace a ɗora wa masana'antu laifin kacalla ba. Nasu laifin daban ne. Gurɓataccen ruwan jima da rini daga Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi zuwa Jakara.

A nan ne lamarin ke da ban takaici. Tun shekarun 1950 wata masaniya Bajamushiya, Käthe Seidel, ta nuna cewa ciyayin ruwa na iya tace ƙazantar ruwa, kuma kacalla na cikin waɗanda ake dasawa da gangan a tafkunan tacewa a ƙasashe da dama. Wurinta ke nan a bakin magudanan Sharaɗa, inda ake bukatar matata. Maimakon haka tana can Guri da Nguru, inda magidanta ke shiga ruwa da lauje suna yanke ta, ta sake tohowa.