Bikin Su na Argungu

Bikin kamun kifi na Argungu taro ne na kwana huɗu da ake yi a garin Argungu na Jihar Kebbi, galibi tsakanin Fabrairu da Maris, lokacin da ruwan fadama ya janye, kifi ya tattaru a gurabe masu zurfi. Ana yin baje kolin noma da kiwo da kokawa da dambe da tseren jirage a cikin kwanakin, amma abin da ke tara jama'a shi ne su na ranar ƙarshe, inda dubban masunta ke faɗawa ruwan Matan Fada a lokaci guda, kowa na neman kifin da ya fi na kowa nauyi. Gasar ba ta wuce sa'a ɗaya. Sa'ar nan kuwa tana tsaye ne a kan abu biyu da baƙo ba ya gani: dokar da ta hana taɓa wannan ruwa duk shekara, da ambaliyar damina da ke gangarowa daga ƙasar Zamfara da Katsina ta cika shi da kifi.

Asali

Kabi, masarautar da Argungu ke cikinta, ƙasar ruwa ce tun kafuwarta. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa birninsa a Surame, ya gina ƙarfinsa ne a kan gulbi da fadama, kuma Sarkawa, wato masuntan gado na wannan yanki, suna cikin ginshiƙan masarautar. A wurinsu ruwa yana da mai shi. Sarkin Ruwa ne ke cewa a shiga ko kada a shiga, shi ke rufe gurbi, shi ke buɗe shi.

Tun kafin a san wani biki na zamani, Kabawa suna da al'adu huɗu da suka shafi shekarar ruwa da ta gari: Gyaran Ruwa, Fashin Ruwa, Gyaran Gari da Shan Kabewa. Gyaran Ruwa shi ne shirya gulbi da neman kariya daga abin da ke cikinsa kafin mutane su shiga, a da har da yanka da sadaka. Fashin Ruwa shi ne buɗe su bayan an daɗe da rufewa, ranar da gari ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa. Daga wannan ne bikin yau ya tsiro. Yawancin abin da ya shafi bori da tsafi ya ja baya yayin da Musulunci ya ƙara kafuwa, addu'a ta maye gurbin wasu abubuwan, amma ikon Sarkin Ruwa bai gushe ba. Har yau shi ke fara shiga ya duba ruwa, kuma masunta sun yi imani cewa da ya ba da izini kada ba zai taɓa kowa ba.

Wannan tsari ba na Argungu kaɗai ba ne. Duk kwarin gulbin Sakkwato, daga wajen Maradun da Faru da Talata Mafara da Bakura har zuwa Kabi, an san su na rani: a bar tafki ko gurbi ya huta, a sa rana, a yi shela a kasuwa, ƙauyuka su taru a shiga tare. Abin da ya bambanta Argungu shi ne siyasa ta shigo ta ɗaga nata sama.

Shekarar 1934

Tsakanin Kabi da Sakkwato akwai jini. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, amma wani reshe na gidan Kanta bai miƙa wuya ba. Sarkin Kabi Karari ya yi ta gwagwarmaya daga Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a tsare a Sakkwato, da ya sami sarari a 1849 sai ya sake tayar da tuta. Daga nan har zuwan Turawa yaƙi ake yi, in ban da ɗan lokacin sulhun da aka fi sani da Lafiyar Toga, zamanin Sarki Abdullahi Toga. Sarki Sama'ila, wanda ake kira Sama, ya hau a 1883, ya tsare Argungu daga farmakin Sarkin Musulmi Abdurrahman, kuma yana kan gado Turawa suka iso. Turawan sun tsayar da yaƙi, amma ba su cire gaba daga zukata ba.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, abin da ake ɗauka a matsayin rufe wannan babi. Sarkin Kabi na lokacin, Muhammadu Sama, ya so ya tarbi baƙonsa da abin da Sakkwato ba ta da shi. Hawan dawaki ba zai burge Sarkin Musulmi ba, domin a gidansa ake yin wanda ya fi kowane. Sai aka tara masunta aka yi masa su. Daga wannan shekara ake ƙirga tarihin bikin, ko da yake bai zama na kowace shekara nan take ba, kuma an sha samun giɓi. Shi ya sa wanda aka yi a 2020 aka ƙirga shi na 60, ba na 87 ba.

Zaɓin da Sarki ya yi yana da hikima. Kabawa sun karɓi baƙo da girma, sun kuma nuna masa a fakaice abin da ya hana a ci garinsu shekara da shekaru: mutanen da suka san ruwa.

Yadda ake fafatawa

Kayan aikin biyu ne, homa da gora. Homa raga ce ta hannu da aka ɗaura a kan itace mai lanƙwasa, masunci na riƙe ɗaya a kowane hannu, yana nutsawa yana haɗa bakunansu a ƙarƙashin ruwa. Gora kuwa babba ce mai buɗaɗɗen baki, a kanta ake kwanciya a yi iyo, a cikinta kuma ake zuba abin da aka kama. Da yawa suna shiga ne biyu-biyu, ɗaya na nutso ɗaya na tsare gora. Ba a yarda da taru ba, ba a yarda da birgi ko mamari ba, balle jirgi mai inji. Wanda ya ga dama ma ya shiga da hannunsa zalla.

Tun da safe masunta ke jeruwa can nesa da gaɓa. Sarki da manyan baƙi na zaune a rumfa, makaɗa na cikin kwale-kwale suna kiɗan Sarkawa suna kirari. Da an harba bindiga sai a kwasa da gudu, ƙura ta tashi, cikin ɗan lokaci ruwan ya rufe da goruna har ba a ganin fuskarsa. Ɗokin mutane kan sa wasu shekarun a ɓarke da gudu kafin a ba da alama, kuma babu mai iya mayar da dubban mutane baya in sun riga sun shiga. Hayaniya da kiɗa da girgiza goruna duk aiki suke yi, suna rikita kifi suna kora shi wajen da ba zurfi.

Giwan ruwa shi ke cin gasa kusan kullum, domin shi ne ke kai nauyin babban mutum. Ana kuma kama bargi da tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa da karfasa. Wanda ya dace da babba sai ya rungumo shi zuwa gaban rumfa, a ɗora a sikeli a gaban jama'a, a rataye masa lamba. Kifi ɗaya ake dubawa, ba jimillar kamu ba.

Kafin ranar su akwai Kabanci, wanda masana ruwa suka fi so: tseren kwale-kwale, kamun agwagwar ruwa, iyo a kan tulu ko gora, daɗewa a nutse, da kamun kifi da hannu. A nan ake gane ɗan gado, domin a su na ranar ƙarshe sa'a na iya ba baƙo nasara, amma a Kabanci sai wanda ya tashi a bakin gulbi.

A Ingila ma akwai bukukuwan gasar kamun kifin ruwan daɗi da ke ɗaukar kwanaki, amma tsarinsu kishiyar wannan ne. Kowane ɗan gasa na zaro ƙuri'ar wurin zamansa a bakin kogi, ya zauna shi kaɗai da fatsa na tsawon sa'o'i, a auna jimillar abin da ya kama kowace rana, a tara maki, sannan a mayar da kifin ruwa da ransa. Inda suka haɗu da Kabawa shi ne hutun ruwa: dokarsu ta hana irin wannan kamu a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni don kifi ya yi ƙwai. 'Yan'uwan Argungu na kusa su ne bikin Nwonyo na Ibi a Taraba, da na Bade a Yobe, da Sanke Mon na garin San a Mali.

Hannun gwamnati da kuɗin kyauta

A zamanin En'e bikin na masarauta ne. Sarkin Kabi Muhammadu Mera, wanda ya yi sarauta daga 1959 zuwa 1996, shi ya ga lokacin da ya tashi daga na gida ya zama na ƙasa. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da shugaban Nijar Diori Hamani, kuma daga shekarun nan gwamnati ta shiga da ƙarfi, aka gina masaukin baƙi da rumfuna, aka ƙara baje kolin amfanin gona da tseren motoci. Da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, sabuwar jihar ta riƙe bikin a matsayin tambarinta.

Kuɗi sun sauya ma'anar abin. Su na da rabo ne, kowa ya koma gida da na miya, manya su sami nasu kaso. Da kyauta ta kai mota da kujerar Makka da miliyoyin naira, sai ido ya koma kan mutum ɗaya da kifi ɗaya. A 2005 wanda ya ci ya fito da giwan ruwa mai kilo 75. A 2008 kuwa aka yi abin kunya: an ba wani kyautar farko da kifi mai kusan kilo 66, daga baya sauran masunta suka yi ƙorafi, bincike ya nuna mataccen kifi ne da aka kamo a wani wuri aka shigo da shi ruwan a ɓoye. Aka ƙwace kyautar, aka kama shi. Masuntan da suka tona asirin sun san abin da Matan Fada ke iya bayarwa a wannan shekara da abin da ba za ta iya ba, kuma wannan ya kai mu ga batun ruwan kansa.

Ruwan da ke zuwa daga sama

Gulbin Sakkwato na tasowa ne daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, ya haɗu da gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato, sannan ya karkata kudu ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. Kifin wannan kwari da ambaliya yake rayuwa. In ruwa ya malale fadama da damina, kifi na shiga ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da abinci ya yawaita, in ruwa ya janye su komo gulbi da tafkuna. Shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta daɗe, rani mai zuwa na masunta ne.

A 1978 aka kammala madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, aikin kamfanin Impresit na Italiya, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An fi tuna ta da abin da ya faru a kan ƙasa: dubban mutanen yankin Maradun da tafkin ya tasa, rikicin diyya, da harbin da 'yan sanda suka yi wa manoma a Afrilun 1980 zamanin Shehu Shagari, wanda mutanen yankin ke cewa ya ci ɗaruruwan rayuka. Abin da ya faru a cikin ruwa bai yi ƙara haka ba. Masanin ƙasa W. M. Adams, wanda ya yi bincike a ƙauyukan da ke ƙasan madatsar a farkon shekarun 1980, ya nuna cewa ambaliya ta ragu a faɗi da zurfi da tsawon kwanaki, manoma sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama sun bar sana'ar ko sun yi ƙaura. Tafkin Bakolori ya buɗe sabon wurin su ga mutanen Maradun da Mafara, da kalli da ƙugiya a ruwa mai zurfi, amma wannan wata sana'a ce daban da ta homa da gora. A 1984 madatsar Goronyo ta tare gulbin Rima, ɗaya hannun da ke ciyar da Argungu. Ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, ga yashi da ke cike gurabe, ga injinan ban ruwa na masu noman shinkafar rani da suka yawaita a fadamar Kabi.

Saboda haka ruwan da ake gani a Matan Fada ranar biki yanzu yana da alaƙa da shawarar injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke riƙe da ƙofofin madatsun biyu, kamar yadda yake da alaƙa da izinin Sarkin Ruwa. A 2006 ruwa ya yi ƙaranci har aka hana gasar su, aka yi sauran shagulgula ba tare da ita ba.

Bayan 2009 bikin ya tsaya kusan shekara goma, saboda rashin tsaro a Arewa da halin da ruwan ke ciki. Yana cikin wannan hutu ne UNESCO ta sa shi a jerin al'adun gado na bil'adama a 2016. Ya dawo a Maris 2020, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila Muhammadu Mera da Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya halarci buɗewa. Bayan wannan hutu, kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78, mai shi ya tafi da naira miliyan 10 da motoci biyu da kujerun aikin Hajji biyu. Kwanaki kaɗan da watsewa aka fara rufe garuruwa saboda annobar korona, bikin ya sake shiga wani dogon hutu.